Idan ɗan kwana-kwana ya ji rauni a bakin aiki: yadda ake bin diyya da yadda ake rage haɗari

Daga shigowar hunturu zuwa ƙarshen bazara, jiniyar motar kwana-kwana ba ta samun hutu a birnin Katsina. Iska ta bushe, rumfunan kasuwa a cushe, wayoyin lantarki an yi musu jone-jone, ga jarkokin fetur a cikin gidaje. Duk wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ya san irin aikin da ake magana. Bayan kowace gobara akan yi lissafin shaguna da dukiyar da ta salwanta, amma ba kasafai ake jin labarin ma'aikacin da kwano ya tsarge wa hannu ba, ko wanda ya kwana yana tofar da baƙin majina. Shi kansa ba ya son faɗa, kada a ce ya cika raki. An ce masa "sannu, Allah ya kiyaye gaba", ya amsa da amin, ya biya kemis ya sayi magani da kuɗin aljihunsa. Sai bayan watanni gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, lokacin kuma babu ko takarda ɗaya da ta nuna inda ya samo ciwon.

Diyyar rauni da takarda ake samunta, kuma mafi muhimmancin takardun a makonni biyun farko ake haɗa su. Wanda ya yi sakaci da waɗannan kwanaki, sauran tafiyar roƙo ce da neman alfarma.

Tun kana da lafiya, ka san inda ka tsaya

A jihar Katsina ba ma'aikata ɗaya ce ke ɗaukar masu kashe gobara ba. Akwai na hukumar jiha, akwai na Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, akwai na filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, sannan akwai waɗanda manyan makarantu da kamfanoni ke ɗauka don kansu. Wuta ɗaya suke kashewa, amma hanyar da takardar kowa ke bi daban ce.

Dokar da ta haɗa su ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Ta shafi ma'aikatan gwamnati da na masu zaman kansu, in ban da sojoji, kuma hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ce ke riƙe da asusun diyyar. Wanda ya ɗauke ka aiki shi ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa kowane wata, kuma doka ta hana a cire wannan kuɗi daga albashinka. Babban abin da ya bambanta ta da zuwa kotu shi ne ba sai ka tabbatar da laifin kowa ba. Ko kai ne ƙafarka ta zame daga tsani, muddin a bakin aiki ne, kana da haƙƙi.

To amma abin da ke rubuce a doka daban, abin da aka yi a ofis daban. Don haka je ofishin mulki na hedikwatarku ka yi tambaya a fili: an yi mana rajista da NSITF? Ana biyan kason? Idan wata hanya ake bi, kamar inshorar haɗari ta rukuni ko dokokin aikin gwamnatin jiha, wace ce, wa ke riƙe da fom ɗin? Ma'aikacin tarayya yana da ƙarin inshorar rai a ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2014, wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba; na jiha kuwa sai ya duba abin da dokar jiharsa ta tanada. Gara wannan tambaya ta fito daga ƙungiya ko daga mutum biyar tare, don kada a ɗauki mai tambayar a matsayin mai neman fitina.

A wannan zuwan ka nemi ganin takardar magajinka. Da yawa sun cike ta ne suna samari, sunan mahaifi ko yaya ke ciki, yanzu kuma ga mata biyu da 'ya'ya bakwai. Ka gyara, ka sa sunan kowace mata da kowane yaro, ka ajiye kwafin takardun haihuwarsu tare da takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma ta ƙarshe da takardun albashi na watannin baya. Ka nuna wa uwargida inda ambulan ɗin yake. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar da abin ya faru

Lafiya ce gaba. In ƙuna ce, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi da ke gudana na minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da tsabtataccen abu. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ƙwai, manja ko toka, duk da cewa 'yan kallo za su kawo shawarar kowanne. In yanka ce daga tsohon kwano ko ƙusa, a tambayi allurar tetanus. In faɗowa ce daga sama kuma akwai ciwon wuya ko baya, kada a naɗe mutum a cusa shi bayan babur.

Kafin ka bar wurin, ko da zarar ka iya magana, ka faɗa wa shugaban tawaga da bakinka a gaban mutane. "Yallaɓai, azara ta faɗo mini a kafaɗar dama a cikin shago na uku, ina roƙon a sa a littafi." Littafin da ake rubuta fita da dawowar mota a tasha shi ne shaidarka ta farko, domin yana ɗauke da rana da lokaci, kuma ba a rubuta shi don neman kuɗi ba. In oga ya ce "haba, ɗan wannan?", ka ce "ranka ya daɗe, ko don gaba." Wani abokin aiki ya ɗauki hoton raunin, da wurin, da kayan da ke jikinka. Safar hannun da ta narke ko hular kwanon da ta tsage kada a jefar.

Sai asibiti, a ranar. Babban asibitin Katsina, Asibitin Koyarwa na Tarayya, babban asibitin Daura ga waɗanda ke can, duk inda za a buɗe maka kati a rubuta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Karaya mai wuya ko ƙuna mai faɗi akan tura su asibitin ƙwararru, wani lokaci har asibitin ƙashi na Dala a Kano. In an tura ka, ka riƙe kwafin takardar turawar.

A nan ne mutanenmu suka fi yin asara, don haka bari in tsaya. An samu karaya, 'yan uwa suka ce a tafi wurin mai ɗori, ya fi sauri kuma ya fi araha. Ba na musun cewa akwai masu ɗorin da suka iya hannunsu. Amma mai ɗori ba ya ba da rahoton likita, ba ya ɗaukar hoton ƙashi, kuma hukumar da za ta biya ka ba ta san shi ba. In ƙashi ya haɗe a karkace, babu hoton ranar farko da zai nuna yadda karayar take. Haka wanda ya tsaya kemis.

A gaban likita kuma, abin da ka faɗa shi zai shiga fayil, fayil ɗin kuma shi za a karanta bayan shekara. Kada ka ce "na faɗi ne" kawai. Ka ce: ni ma'aikacin kashe gobara ne, ina bakin aiki a wuri kaza da ƙarfe kaza, na faɗo daga tsani mai tsawon kusan mita kaza. Ka lissafa duk inda ke maka ciwo, har da wanda kake gani ƙarami ne. Mutum yakan zo da hannu mai jini ya manta da bayansa, alhali hannun zai warke a mako biyu, bayan ne zai hana shi aiki.

In ka shaƙi hayaƙi, ka faɗa ko da kana jin garau. Iskar kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayaƙi, tana kama jini fiye da oksijin sau ɗari biyu da wani abu, kuma ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ba ta bambance su. Tana iya nuna lamba mai kyau alhali jini cike yake da guba. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko ruɗewa bayan fitowa daga hayaƙi dalili ne na neman oksijin. Dashewar murya, ƙonewar gashin hanci da baƙin majina kuwa alamu ne cewa maƙogwaro na iya kumbura bayan sa'o'i, ba a komawa gida da su.

Kwana 14

Doka ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki. In ba zai iya ba, ko ya rasu, iyalinsa su yi. Ba a buƙatar lauya ko dogon Turanci. Abin da ake nema shi ne sunanka, lokaci da wurin da abin ya faru, da bayanin raunin da sanadinsa da magana ta yau da kullum. Misali:

"Ni wane, mai lambar aiki kaza, na tashar kaza, ina sanar da cewa ranar kaza da misalin ƙarfe kaza, muna kashe gobara a unguwa kaza, rufin ɗaki ya rufto ya same ni a kafaɗa da baya. Wane da wane suna wurin. An duba ni a asibiti kaza, lambar katina kaza. Ina roƙon a kai rahoto ga hukumar diyya kamar yadda doka ta tanada."

Ka yi kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu a kan ɗayan, ka tafi da shi gida. In mai karɓa ya ce hatimi na wurin wanda ya fita, ka jira ya dawo. Saƙon WhatsApp ga oga ya fi babu, ka tura ka ajiye hotonsa, amma kada ya zama shi kaɗai.

Ita ma ma'aikatar doka ta ɗora mata kai rahoto ga NSITF cikin kwana 7, in rasuwa ce kuwa nan take. Bayan mako ɗaya ka koma ka tambaya ko an tura, ka nemi kwafi. Dokar ta haramta wa shugaba ya hana ma'aikaci kai rahoto, ko da lallashi ko da barazana, kuma duk wata yarjejeniya ta "karɓi wannan ka yafe sauran" ba ta da ƙarfi. In an yi maka karo-karo a tasha ko wani babba ya kawo gudummawa, ka karɓa ka gode. Kada dai ka sa hannu a takardar da ta ce ka janye.

Wanda kwana 14 suka wuce masa kada ya yanke ƙauna. Hukumar na iya karɓa idan ta gamsu cewa ma'aikatar ta riga ta san da faruwar abin, wanda ke nufin layi biyun nan da aka rubuta a littafin tasha na iya ceton maganar gaba ɗaya.

Neman diyyar kanta

Sanarwa daban, nema daban. Neman ana yin shi a fom ɗin hukumar, da sa hannunka ko na magajinka, cikin shekara ɗaya daga ranar raunin. Akwai sassauci har zuwa shekara uku idan akwai uzuri na musamman, amma wannan hukumar ce ke yanke shi, ba kai ba. Shawarata ka gama cikin wata shida, ga dalili: idan wani na waje ne ya jawo raunin, misali direban da ya daki motarku a hanya, doka ta ba ka zaɓi tsakanin karɓar diyya da kai shi ƙara, kuma wa'adin zaɓen wata shida ne. Ba a cin biyun. Kafin ka zaɓi kotu ka zauna da lauya, domin shari'a na iya ɗaukar shekaru kuma wanda ka kai ƙara ba lalle yana da abin biya ba.

A fayil ɗinka a samu: kwafin sanarwar mai hatimi, kwafin shafin littafin tasha, rahoton likita mai hatimin asibiti, hotunan ƙashi da sakamakon gwaji, takardar hutun jinya, takardun albashi, katin shaida, bayanin shaidu biyu a rubuce, da rasit na komai. Rasit ɗin kemis da ake bugawa da inji yakan goge cikin 'yan watanni, ka ɗauki hotonsa a ranar. In jifa ce ta same ka, abin da kan faru idan mota ta iso jama'a sun riga sun fusata ko ruwa ya ƙare ana tsakar aiki, ka ƙara da rahoton 'yan sanda. Wannan ma rauni ne a bakin aiki. Haka haɗarin da ya same ka a hanya tsakanin gida da tasha, dokar ta haɗa da shi, shi ya sa yake da kyau adireshin da ke fayil ɗinka ya zama inda kake zaune yanzu.

Takardu na asali kada su bar hannunka sai an ba ka shaidar karɓa. Ka sami ƙaramin littafi kana rubuta ranar da ka je, wanda ka gani da abin da ya ce.

Abin da ake biya ya danganta da raunin. Akwai kuɗin magani da gyaran jiki, har da ƙafa ko hannun roba. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Mai albashin naira 100,000, alal misali, zai riƙa karɓar 90,000. Wanda nakasar ta rage masa ƙarfi kawai, ana ƙiyasta abin da ya rasa na samu a biya shi kashi 90 na wannan. In rasuwa ce, matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana da kashi 90 duk wata, mai ɗa ɗaya kashi 85. Tunda likita ne ke auna girman nakasa, ranar awo kada ka nuna jarumta. In hannu ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, ka bar shi ya tsaya inda ya tsaya.

In an ƙi, ko an yanke abin da bai gamsar da kai ba, ka nemi hukuncin a rubuce. Kana da kwana 180 ka ɗaukaka ƙara ga hukumar, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano. In kuwa takarda ce ta maƙale a wani tebur, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a na karɓar irin wannan kyauta.

Ciwon da ba ya zubar da jini

A 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo daji, musamman na mafitsara da na rufin huhu da ake samu daga asbestos. Tsofaffin gine-ginen gwamnati da makarantu da yawa suna da silin ko rufin asbestos. Dokar 2010 ta amince da cutar da aiki ya jawo, da raguwar ji, da matsananciyar damuwa bayan mummunan abin da aka gani, idan likita ya tabbatar. Wahalar ita ce haɗa cutar yau da hayaƙin shekara goma baya. Hanyar ita ce ka riƙe littafinka: kwanan wata, wurin gobara, abin da ya ƙone (katifu, taya, maganin feshi, robobi), tsawon lokacin da ka yi a ciki, da ko kana da abin numfashi. Layi biyu sun isa. Wanda kuma ya ɗauko gawar yaro daga wuta ko rijiya ya kasa barci makonni, ya ga likitan ƙwaƙwalwa tare da addu'ar da yake yi, a rubuta.

Rage haɗarin tun daga tasha

Shugaban tawaga ya zagaya ginin kafin kowa ya ja tiyo. Tambayoyin farko: akwai mutum a ciki? Me aka ajiye? An yanke wuta? Idan babu rai a ciki kuma rufi ya riga ya kama, a yi aiki daga waje a kare maƙwabta, duk ihun da mai shago zai yi. Kaya ba su kai a binne ma'aikaci a kansu ba. Katangar ƙasa da ta sha ruwa da rufin kwanon da katakonsa ya ci wuta ba sa ba da sanarwa. A tsaya nesa da bango fiye da tsawonsa.

Yanke wutar KEDCO yanzu bai wadatar ba. Gidaje da shaguna da yawa suna da sola, kuma faifan sola na ba da wuta muddin rana na dukansa, ko an kashe komai a ƙasa. A tambayi mai gida inda batura da inbata suke. Batirin litiyam kan sake kamawa bayan an ɗauka ya mutu. Tukunyar gas da wuta ke lasa a sanyaya ta daga nesa, daga bayan abin kariya. In gas na ci a bakin bututu kuma ba a iya rufe shi ba, kashe harshen wutar na barin gas ya taru ya fashe.

Masu shiga ciki su shiga biyu-biyu, wasu biyu na waje a shirye, wani kuma na riƙe da sunaye da lokacin shiga. Tukunyar iskar numfashi da aka ce ta minti 30 ba ta kai haka ga mai aiki da ƙarfi, wani lokaci rabi take yi, don haka a juyo tun kafin usur ɗinta ya yi kuka. Ƙyallen da aka jiƙa aka ɗaure a hanci ba ya tare kabon monoksaid. Lokacin tonon baraguzai bayan harshen wuta ya mutu ma gubar na nan, kuma a lokacin ne kowa ke cire abin fuska.

Rijiya da shadda sun cancanci tsoro na musamman, don kiran ceto daga cikinsu ya zama ruwan dare a wannan yanki. Abin da ya sumar da na farko shi zai sumar da na biyu. Ba a shiga sai da abin numfashi, da igiya a ɗaure a jiki, da mutanen da za su ja daga sama. Ba a sa janareto ko injin ban-ruwa a bakin ramin.

Sai zafi. A Afrilu da Mayu ma'aunin zafi na wuce 40 a Katsina da Daura, ga kaya masu nauyi, ga wuta. A ƙasashen da ake ƙididdiga, kamar Amurka, bugun zuciya na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu kashe gobara a bakin aiki. A riƙa musanya mutane, wanda ya fito ya cire riga ya zauna a inuwa ya sha ruwa da haɗin gishiri da sukari na kamar minti 20. Wanda ya fara magana ba kan gado ko tafiya yana tangaɗi, a jiƙa shi da ruwa a nufi asibiti. In azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, tasha ta nemi bayanin malami tun kafin watan ya kama game da mai ceton rai, kada a bar kowa yana yanke wa kansa hukunci a gaban wuta. A auna hawan jini da sukari ko sau ɗaya a shekara, a yi rigakafin ciwon hanta, tunda ana ɗaukar waɗanda suka yi haɗarin mota.

Bayan an dawo, a wanke wuya, fuska da hannu tun a wurin, a yi wanka da an isa tasha. Kayan aiki kada su je gida a wanke su tare da na yara, kada kuma a rataye su a ɗakin da ake kwana.

Duk kayan da suka lalace, tsani mai rawa, tiyo mai yoyo, birkin mota, takalmin da ya huje, a rubuta su a littafi da kwanan wata, a bi da wasiƙa zuwa hedikwata, a ajiye kwafi. Haka abin da ya kusa faruwa bai faru ba, kamar bangon da ya faɗi bayan an matsa da taku biyu: a zauna minti goma bayan an dawo a tattauna shi ba tare da neman mai laifi ba, a rubuta abin da za a sauya. Shugaban tasha ya tara waɗannan duk wata uku ya haɗa su da buƙatar kayan aiki da yake turawa sama, ya sa lambar kowane rahoto a gefen abin da yake nema.